Wasiƙa daga tsakiyar hunturu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara baki ɗaya. Saƙonka ya iso, na kuma sha dariya da tambayarka, wai ko har yanzu muna da sauran numfashi a cikin wannan sanyi. Muna nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Na ga amsar ta fi ƙarfin 'yan layukan waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake.

Sanyi dai da sauƙi, ka ƙara riga ka wuce abinka. Duhu ne ke gajiyar da mutum. Yara su fita makaranta fitilun titi na kunne, su dawo an sake kunna su. A ɓangaren arewacin duniya ranar da ta fi kowace gajarta ita ce 21 ko 22 ga Disamba, amma kada ka ɗauka da ta wuce an huta. Ƙasa da teku a hankali suke sakin zafin da suka tara tun bazara, don haka sanyi mai shiga ƙashi sai a Janairu da Fabrairu yake sauka. Babbar 'yarmu ce ta zo mana da bayanin daga makaranta, ta ɗauki lemo ta karkata shi a gaban fitila: duniya a karkace take da kusan digiri 23 da rabi, shi ya sa rana ke haska mu a kaikaice a waɗannan watanni. Abin da ya fi ba ni mamaki, a farkon Janairu ne ma duniya ta fi kusantar rana. Idan ƙorafin yara ya yi yawa, sai in tuna musu da mutanen Tromso a ƙasar Norway, waɗanda rana ba ta fito musu sam daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Nan take kowa ke kama bakinsa.

To, ka tambaye ni da me muke cinye wannan dogon dare. Da tukunya. Kar ka yi dariya, ni ne nake ɗora ta a ƙarshen mako, kuma uwargida da kanta ta sallama mini. Nakan samo nama mai ƙashi da jijiya, irin wanda mai gaggawa ba ya saye. In fara da albasa, in rage wuta sosai, in bar ta tana laushi har ta yi ja ta fara zaƙi. Nan ne duk sirrin yake, kuma nan ne masu garaje ke faɗuwa, domin albasar da aka ƙona da babbar wuta ɗaci take yi. Sai tafarnuwa da citta, sai naman, sai ruwa ya rufe shi. Daga nan babu sauran aiki sai haƙuri. Tukunyar ba ta son tafasa mai ƙarfi, 'yan kumfa kawai za ka ga suna tasowa ɗaya bayan ɗaya a gefe. Bayan awa uku ko fiye jijiyar nan mai tauri ta narke ta shiga cikin romo, ya yi kauri har yana manne leɓe. Dankali da karas sai can ƙarshe, in ba haka ba su dagargaje. Washegari kuwa, idan ka ciro ragowar daga firji, za ka tarar romon ya daskare yana rawa a cikin kwano, kuma ya fi na jiya daɗi nesa ba kusa ba.

Burodi aikin autanmu ne, ko dai in ce shi ke ɓata fulawa mu kuma mu gyara. Yis ba ya son sanyi, kwaɓin sai ya yi ta nawa a kicin, don haka muke rufe kwanon da tawul mu ajiye kusa da hita. Yaron nan ba ya iya barin sa ya huta. Bini-bini ya je ya ɗaga tawul, ya danna da yatsa, ya dawo ya ba mu rahoto wai ya ƙaru kaɗan. Da burodin ya fito, ba ma jira ya huce. A yaga da hannu, a tsoma a romo, gilashin taga duk ya yi raɓa saboda tururi.

Ni a ganina amfanin wannan girki ya wuce cika ciki. Abinci ne da ba ya yiwuwa cikin hanzari, dole wani ya tsaya kusa da shi, kuma wanda ya tsaya ba ya rasa abokin hira. Yarinyar da za ka tambaye ta yaya makaranta ta ce maka lafiya lau ta shige ɗaki, ita ce za ka miƙa wa wuƙa da karas, ba ka ce komai ba, sai ka ji ta fara ba ka labarin ƙawarta da suka ɓata, da malamin da take jin tsoro. Da bazara kowa na waje, kowa da harkarsa. Yanzu sanyi ya koro mu wuri ɗaya kamar kaji da magariba, kuma na ji abubuwa game da 'ya'yana a bakin murhu da ban taɓa ji a falo ba.

Sai dai zaman gida ma yana da iyaka. Gidan da aka kulle tun safe har dare, kafin la'asar an fara faɗa a kan rimot. Saboda haka muka kafa doka: ranar da babu aiki, dole a fita tsakanin hantsi da azahar, lokacin da ɗan hasken yake nan, ko da sararin sama ya murtuke. Ba ma zuwa nesa. Wani lokaci wurin shaƙatawa ne mai tafki, inda agwagi ke cunkushewa a ɗan gefen da bai daskare ba. Wani lokaci gidan adana kayan tarihi, ko laburare, inda ɗumi yake kyauta. Wurin da na fi so shi ne lambun tsirrai da ke da babban ɗakin gilashi. Kana tura ƙofa ɗumi da laima su buge ka, tabarau ya rufe da hazo ba ka ganin komai, sai ka cire ka goge, ka ɗaga kai ka ga ayaba da ganyenta shar, alhali a bayan gilashin dusar ƙanƙara ce ke zuba. Uwargida takan samu benci a can ta ce mu je mu gama zagayenmu mu dawo mu same ta.

Mun kuma hau jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari a bakin teku. Mutane za su ce wa ke zuwa teku da hunturu, to ni ina zuwa. Babu cunkoso, rabin shagunan a rufe, iska na dukan fuska har hawaye na zuba. Ba mu daɗe a bakin ruwan ba muka ruga cikin wata rumfa, aka buɗe filas. Wallahi shayin da na sha a wurin, hannuna na karkarwa a jikin kofi, ban san ranar da na sha irinsa ba, kuma ganyen shayin da muke sha kullum ne. A hanyar dawowa yara suka yi barci, autan ya jingina da ni takalminsa duk yashi. Muka iso gida muka ɗumama romon jiya, babu wanda ya yi magana sai ƙarar cokali. Wanda ya wuni a kan kujera ba zai taɓa jin daɗin wannan kwano yadda muka ji ba.

A ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka sosai, 'yata ta tara ta a kan baƙar safar hannunta ta ce in duba da kyau. Kowace ƙwaya ɗaya tana da rassa shida, kafin ka gama kallo ta narke. Kyanta ke nan na kwana ɗaya. Bayan haka motoci su tattake ta ta koma caɓi, da dare ta daskare ta zama santsi. Hukumar birni na watsa gishiri a tituna don ya hana ruwa daskarewa, amma idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili gishirin ma ba ya yin wani abin kirki, sai dai ya bar maka farin tabo a takalmi. Tafiya a kai sai da gajerun taku, hannu a waje ba a aljihu ba. Waya ma cajinta kan zube da wuri cikin sanyi, don haka a aljihun ciki muke sa ta. Hita kuma na busar da iskar ɗaki, leɓe ya tsage, fata ta yi fari, man shafawa ba ya kwana biyu. Likitan yara ya ce mu riƙa shan bitamin D har zuwa Maris, domin ranar hunturu a nan ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da shi.

Ka ce kana son zuwa amma sai sanyi ya wuce. Ni dai shawarata kada ka jira. Zumunci a ƙafa yake, kuma da bazara ba za ka same mu a gida haka ba. Ka zo cikin Fabrairu, lokacin rana ta fara ƙara tsawo. Kada ka wahalar da kanka da sayen kaya masu nauyi: riguna marasa kauri guda biyu ko uku da za ka jera a jiki sun fi babbar riga ɗaya riƙe ɗumi, kuma ta cikin kada ta zama auduga, domin tana riƙe gumi ta sanyaya ka. Babbar rigar waje da hula da safar hannu akwai su a nan. Takalmi ne kawai matsala, sai ka turo mini lambar ƙafarka da wuri in nemo maka mai ƙasan roba da ba ya zamewa.

Ka gaishe mini da Baba da Mama da kyau, Allah ya ƙara musu lafiya. Uwargida na gaida taka, yara kuma sun ce a tambaye ka ko ka iya kwaɓa fulawa. Ka ba ni labarin aikin da ka ce za ka canja, ina aka kwana?

Naka har kullum,
Amininka