Likita, muzurun Hajiya ya yi ƙiba har ba ya iya hawa katanga

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema a kan muzurun gidanmu, na marigayiya mahaifiyata ne Allah ya ji ƙanta, shekararsa 8 yanzu kuma tun rasuwarta ni nake kula da shi.

Tunda aka yi masa dandaƙa ya daina yawo ya koma daga ci sai kwanciya, mu kuma gidan yawa ne kowa ya ci ya rage sai ya miƙa masa, fatar kaza, kitsen nama, kifin gwangwani da mansa, yara har madara suke zuba masa da safe. Yanzu in na shafa gefensa ba na jin haƙarƙari ko ɗaya, katangar da yake hayewa a da sai dai ya tsaya yana kallonta, ko lasar bayansa ba ya iyawa gashin wajen duk ya cukurkuɗe.

Satin da ya wuce na kai shi asibitin dabbobi aka ɗora shi a sikeli kilo 7, suka ce irinsa bai kamata ya wuce 4 zuwa 5 ba. An ɗebi jininsa bayan ya kwana bai ci komai ba, wai kolestarol, wato wani irin kitse da ke cikin jini, ya hau, kuma a mage sau da yawa wani ciwon ne yake jawo hakan kamar ciwon suga, in dawo a sake gwaji. Wallahi hankalina ya tashi don kwanan nan ruwa yake sha sosai ga yawan fitsari, ciwon sugan nan kuwa shi ne ajalin Hajiya.

Yayana ya ce in bar shi da yunwa kwana uku zai rame, amma a asibitin sun ja kunnena cewa mage mai ƙiba in ta daina cin abinci farat ɗaya kitse yana taruwa a hantarta har ya kashe ta. To Likita ya zan rage masa a hankali? Abincin leda da suka rubuta min ya fi ƙarfin aljihuna gaskiya, shin dafaffiyar kaza ba fata ba gishiri za ta wadatar, kuma sau nawa a rana? Sannan da gaske ne albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini? don romon miya ma yana sha.

Kuma da dare yake zagaya ƙofofin mutanen gidan yana kuka, sai tausayi ya sa a ba shi a ɓoye, me zan faɗa musu su daina?

Mai sauraronka kullum, daga Kano.