Rahoton Kwamitin Gyaran Wutar Gidan Liman

Assalamu alaikum. Aikin da jama'ar masallaci suka ɗora mana na sake wayoyin gidan Malam ya kammala, an kuma mayar da wuta.

Tsohon akwatin rarraba wuta mai amfiya 60 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja) ne ya ƙone, tun zamanin da gidan ba shi da komai sai ƙwayaye da fanka aka sa shi. Kafin sayen sabo, mai aikin wutar ya lissafa kayan gidan: murhun lantarki amfiya 30, hitar wanka 13, fitilu 6, sai layin soket biyu, kowanne 32. Jimla 113. Nan wasunmu suka ce ashe ko akwati mai 100 ba zai ɗauka ba.

Sai ya fahimtar da mu cewa ba a lissafi haka, domin ba a kunna komai a lokaci guda. Ƙa'idar Ingila da masu aikin wuta ke bi a nan ta ce a murhu a ɗauki amfiya 10 na farko, a ƙara kashi 30 cikin ɗari na ragowar, ya zama 16. Fitilu kashi 66, wato kusan 4. Layin soket na farko a ɗauke shi cikakke, na biyu kashi 40, sun kama 45. Hita ba a rage mata komai. Lissafi ya sauko 78.

Da wannan aka kawo shawarar akwati mai 80, don ya fi sauƙin kuɗi. A nan muka daɗe. Waɗanda suka tsara ƙa'idar ba a ɗauke musu wuta. Mu kuwa da an ji yara sun yi ihun an kawo wuta, mai guga ta jona, mai girki ta kunna, a tayar da injin jan ruwa, firiji ya kama, duk cikin minti biyar, kowa na tsoron a sake ɗaukewa. Gidan Malam kuma ba ya rabo da baƙi, balle da azumi.

Saboda haka muka sayi mai 100, aka ja masa waya mai kaurin murabba'in milimita 25 daga mita, aka sa na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare, aka binne sabon ƙarfen ƙasa, mai kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. Bambancin kuɗin bai kai yadda muka zata ba, wayar ce ta ci kuɗi.

Rasit duka suna wurin ma'aji. Idan za a ƙara na'urar sanyaya ɗaki, a sanar da kwamiti tukuna a sake lissafi.