Bikin godiyar kaka ya fara zama gasar masu kuɗi

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri. Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista, dan kaka ta zo kuma daga kudancin Kaduna har Filato da Gombe da Adamawa majami'u sun fara raba ambulan ɗin bikin godiyar kaka.

Ni ba na adawa da bikin nan ko kaɗan. Wanda ya tashi a majami'ar ECWA ko COCIN ko EYN ko HEKAN ya san daɗinsa, zumuntar mata suna buga tukwane da caki, manomi ya ɗauko damin dawa a ka, wata da ƙwaryar acca, yaro da zakara a hammata yana ta fama da shi, kowa na rawa har gaban bagadi, ba mai tambayar nawa ka kawo. Toh amma yanzu a wurare da yawa ambulan ɗin yana zuwa ne da adadi a rubuce, maza kaza, mata kaza, matasa kaza, ga kuɗin anko, ga ciyaman na biki da manyan baƙi, sannan a ɗau makirfo ana kiran suna da abin da mutum ya bayar ana tafi. Bara a majami'armu ana cikin gwanjo an kai robar ruwa ɗaya naira dubu hamsin, wata mama gwauruwa da ke benci ɗaya da ni ta naɗe ambulan ɗinta ta cusa a bakin zani ta sulale waje, daga baya da na je gaishe ta ta ce ɗana, ɗari biyar ce a ciki, in an karanta ai sai yara su yi dariya. Mudun masarar da ta zo da shi ma da shi ta koma gida.

Dattawan ikilisiya sun fi ni sanin halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi, taki ya gagari ƙaramin manomi, wasu ma gonar ba su isa su je ba saboda tsoro. Mutumin da ya tsira da buhu biyu ya zo gode wa Allah sai kuma ya koma gida da kunya?

A Markus 12 Yesu da kansa ya zauna yana kallon masu zuba baiko, masu arziki suka zuba da yawa, amma gwauruwar nan mai anini biyu ita ya yaba. A Matiyu 6 ya ce kada ma hannun hagu ya san abin da na dama ke bayarwa, toh ina makirfo ya shigo a nan. Bulus kuma a 2 Korintiyawa 9 ya ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a ransa, ba da tilas ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wa'azin shuka iri, wai ka ba da dubu goma Allah zai mayar maka dubu ɗari kafin wata ya ƙare, kaman wani adashe muke yi da shi. Masu wannan wa'azin suna son kawo labarin gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17, amma ku je ku karanta da kyau, Iliya da ya roƙe ta shi ma yunwar ce ta kawo shi bayan rafin Kerit ya ƙafe, kuma matar ba ta zama attajira ba, garin tukunya ne da man kwalba ba su ƙare ba har fari ya wuce, shikenan. Manna ma, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji, na yini ɗaya ake tarawa, wanda ya ɓoye na gobe ya tarar da tsutsa, sai dai jajibirin Asabar. Bulus da ya gaya wa Filibiyawa Allah zai biya musu dukan bukatunsu yana ɗaure ya rubuta. Ni na gaskata Ubangiji yana tanadi, na gani a gidana lokacin da albashi ya tsaya, maƙwabciya ce ta riƙa turo mana tuwo ba tare da mun roƙa ba, amma ban taɓa ganin rasit ɗin da aka sayi tanadinsa da shi ba.

Sannan ina hatsin yake zuwa? Kubawar Shari'a 14 ta ce zakkar shekara ta uku a tara ta a gari dan Lawiyawa da baƙi da marayu da gwauraye su ci su ƙoshi. A 2014 da mutanen Mubi da Michika da Madagali suka gudo Yola, Bishop Stephen Mamza ya buɗe musu harabar majami'ar St. Theresa aka riƙa ciyar da su, Kirista da Musulmi duka. Mu kuma sai a sayar da komai a zuba a tayil da sabon janareta.

Roƙona ga fastoci da dattawa bana, a cire adadi daga ambulan, a daina karanta suna, kuma kafin a fara gwanjo a ware kason gwauraye da 'yan gudun hijira, a zumuntar mata akwai masu sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba, a ba su su kai da yamma ba tare da hoto ba.

Na gode,
Wani mai karatu daga Kafanchan