Rahoton Ayyukan Shekara: Bincike, Horaswa da Gyaran Ruwan Jima

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, iyayenmu a wannan sana'a ta jima da ƙannenmu masu tasowa.

Ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi na ma'aji ne, zai gabatar da shi daban. Nawa shi ne aikin kansa.

A babban taron bara buƙatu sun yi yawa: wasu na son a nemo kasuwa, wasu sababbin injuna, wasu kuma takardar shaidar inganci. Kwamiti ya zauna ya ga cewa ƙarfinmu ba zai ɗauki duka ba, sai ya zuba mafi yawansa a wuri guda, wato magudanar ruwa. Na san akwai waɗanda ransu bai so ba, har wani dattijo ya ce mana shi fata yake sayarwa, ba ruwan kwata ba. Maganarsa na kan hanya, saboda haka ya cancanci a ba shi amsa, kuma yawancin wannan rahoto amsar ce.

Lissafin da masanan UNIDO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da bunƙasa masana'antu, suka daɗe da fitarwa ya nuna cewa tan ɗaya na ɗanyen ƙirgi mai gishiri ba ya ba da fiye da kimanin kilo 250 na gamammiyar fata. Sauran duk gishiri ne, da gashi, da tsoka, da kitse, da gefe-gefen da ake yankewa, da danshi. A kan wannan kuma ga farar ƙasa da salfaid (na cire gashi) da asid da kurom (sinadarin jima) da muke zubawa da kuɗinmu. Duk abin da bai zauna a jikin fata ba, ƙasa yake bi ko magudana. Wanda bai san abin da ke fita ta bayan masana'antarsa ba, bai san ribarsa ba, kuma bai san abin da maƙwabtansa ke sha ba.

Binciken haɗin gwiwa kan kurom

Tun da Augustus Schultz ya yi rajistar hanyarsa ta jima da kurom a Amurka a 1884, Martin Dennis kuma ya sauƙaƙa ta zuwa wanka ɗaya a 1893, wannan sinadari ya mamaye sana'ar. Yau mafi yawan fatar da ake jemewa a duniya da shi ake yi, kuma dalilin a fili yake: aikin da ɓawon itace ke ɗaukar makonni, kurom na gama shi cikin kwana guda, fatar kuma ta jure tafasasshen ruwa ba ta takure ba. Matsalarsa ita ce a hanyar da aka saba, fata na shan kashi 60 zuwa 70 ne kawai cikin ɗari na abin da aka zuba a durom, wato babbar gangar da ake juya fata a ciki. Ragowar na fita da ruwa.

Mun ƙulla yarjejeniya da wani sashen ilmin sinadarai na jami'a, bisa sharaɗi ɗaya da muka dage a kai: a yi gwajin a masana'antun membobi, da ruwansu da ma'aikatansu, ba a kwalba cikin ɗakin gwaje-gwaje kaɗai ba. Hanyar ba sabuwa ba ce. Ana tara ruwan kurom da aka gama aiki da shi a tanki, a tace shi, a zuba masa garin maganiziyam oksaid, a bar shi ya kwana. Da safe kurom ya kwanta a ƙasa kamar laka mai ruwan ganye, sai a tsiyaye ruwan sama, a narkar da lakar da asid, a gauraya da sabon kurom a mayar durom.

Gwajin farko bai yi ba. Wet-bulun da ya fito, wato jiƙaƙƙiyar fatar da aka jeme da kurom, duk tabo ne, dabbare-dabbare, mai masana'antar kuma ya tsaya yana kallon fatunsa a kan katakon da ake jibge su bai ce uffan ba. Malaman suka ɗebi ruwa suka tafi, suka dawo suka sake ɗiba. Ana cikin haka wani ma'aikacin dare, wanda ba a ma gayyace shi zaman ba, ya ja ni gefe ya nuna mini wani ɗan tsagi a daɓen siminti, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba. Ya ce idan suna wanke ƙasa bayan an sauke fata daga farar ƙasa, ta nan ruwan ke zirarewa ya faɗa ramin kurom. Kitse da narkakken gashi ke shiga tankin, su ne suka ɓata aikin. Buhun siminti ɗaya da bulo 'yan ƙalilan suka toshe tsagin. Gwaji na biyu fatar ta fito sumul, muka yanki ƙyalle muka zana girmansa a takarda, muka jefa a tafasasshen ruwa, muka ɗora shi a kan zanen: bai ragu ba.

Tun daga ranar muka sa doka cewa duk zaman bincike sai an zauna da masu aikin durom da masu wanki. Kuma daga nan ne muka gane cewa abin da ya fi kowane inji muhimmanci shi ne raba magudana: ruwan farar ƙasa da salfaid hanyarsa daban, ruwan kurom hanyarsa daban, ruwan jiƙo mai gishiri shi ma daban. Idan suka haɗu, ba kurom ɗin da za a iya ceto, lakar da ta taru kuma ta zama dafi wadda ba ta takin gona ba ta komai. Membobin da suka raba nasu sun fara ganin sauƙi a yawan kurom da suke saye. Alƙaluman kowace masana'anta suna hannun mai ita, ba za mu bayyana su ba sai da izininsa.

Akwai wata hanyar da muke bibiya, ta jima da kurom ba tare da ruwa ba, wadda cibiyar binciken fata ta CLRI da ke Cennai a Indiya ta ɓullo da ita. Cibiyar tun 1948 take wannan aiki. Mun karanta, mun tattauna, amma ba mu gwada ba tukuna.

Iskar da ke kisa

Raba magudana ba maganar kuɗi kaɗai ba ce, maganar rai ce. Ruwan cire gashi yana da pH (ma'aunin tsami) sama da 12, ruwan asid da ake tsoma fata kafin kurom kuma yana wajen 3. Idan suka gamu, salfaid ya tashi ya zama iskar haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a rami da ƙasan tanki take kwanciya. Mugun halinta shi ne idan ta yi yawa, kusan kashi 100 cikin miliyan, sai ta kashe jin wari. Mutum ya ɗauka ta wuce, alhali lokacin ne ta fi haɗari. A ƙasashe da dama an yi asarar ma'aikata ta haka, kuma sau da yawa ba mutum ɗaya ba: na farko ya faɗi a rami, na biyu ya shiga ceto, na uku ya bi su.

Wannan ne ya sa horaswar shekarar da ta ƙare ta fi karkata nan. Mun sayi na'urorin gano iskar, irin waɗanda ake maƙalawa a ƙirji, muna ba da aronsu. A wata bita mun ɗaura ɗaya a igiya muka zura ta cikin ramin da wani matashi ya ce jiya-jiya ya shiga ya kwashe laka. Ba ta kai rabi ba ta fara kuka, jar fitila na walƙiya. Yaron ya ja da baya, ya zauna a kan bokiti, ya daɗe bai yi magana ba. Ni kaina sai da gabana ya faɗi. Babu laccar da ta kai wannan ƙarar tasiri.

Ƙa'idar da muka amince da ita gajeriya ce, muna roƙon a manna ta a bango: ba mai shiga rami ko tanki sai an auna iska, sai an hura masa iska mai kyau, sai da igiya a ƙugu da mutum a sama. Takunkumin ƙura ba ya tare wannan iska, kada a yaudari ma'aikaci da shi. Mun kuma koyar da yadda ake kashe ƙarfin salfaid a tankinsa ta hura iska tare da ɗan manganis salfet kafin a sake shi.

Sauran bitocin sun shafi awon sinadarai da sikeli maimakon kwano, amfani da takardar auna pH, safar hannu da takalmin roba, da cire gashi ba tare da narkar da shi ba, wanda ke rage dattin ruwa ƙwarai tunda gashin ana tace shi ne a kwashe.

Abin da masu saye ke tambaya

Tun watan Mayun 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jikin mutum idan kurom mai daraja shida a cikinsu ya kai miligiram 3 a kilo. Ya kamata a fahimci wannan da kyau, domin ana yawan ruɗa shi. Kurom da muke jima da shi mai daraja uku ne. Yana rikiɗewa ya koma mai daraja shida, wanda ke sa ƙaiƙayi da ƙurajen fata, idan aka yi sakaci: man da ke saurin lalacewa, pH da ya hau da yawa wajen rage tsami ko rini, zafi mai tsanani, ko ajiya a rana. Gwaje-gwajen da muka yi da jami'a sun bi abin da masana suka sani, cewa ƙara ɗan sinadarin jima na itace a zagaye na biyu na jima yana taimakawa wajen hana wannan rikiɗa.

A nan ne bagaruwa ta shigo, tare da mimosa da sauran irinsu. Wasu membobi na ganin a bar kurom gaba ɗaya a koma itace. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma fatar bagaruwa tana da ƙamshi da jiki da babu kamarsu. Amma gaskiya ita ce ba ta jure zafi kamar ta kurom, ba kowane takalmi ko kujera za ta yi ba, ruwanta kuma yana da nauyin datti da shi ma sai an gyara. Tana kuma baƙi da zarar ta taɓa ƙarfe, abin da ya ɓata mana fatu a gwaji ɗaya saboda ƙusoshin durom. Za mu ci gaba da binciken, musamman kan yadda za a daidaita ƙarfin garinta daga buhu zuwa buhu, domin wannan ne babban cikas ga mai son aiki da yawa.

Game da shaidar Leather Working Group, ƙungiyar da ke tantance majemu wadda aka kafa a 2005, shaidar da manyan kamfanonin takalma da jakunkuna ke nema, mun bi tambayoyin binciken nasu tare da membobin da ke sha'awa. Abin da ya fi kayar da mutane ba inji ba ne, rubutu ne: babu mitar ruwa, babu littafin shigar sinadarai, babu bayanin inda fata ta fito. Wannan na ƙarshe zai iya ƙara nauyi, domin dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan sare dazuzzuka ta ambaci fatar shanu, ko da yake an ɗage ranar fara aiki da ita. Mun raba samfurin littafin rajista mai sauƙi. A fara cika shi.

Ɗanyar fata da shara

Mun kai ziyara mayanka mun zauna da masu fiɗa da masu tara fata. Yankan wuƙa, lalas, cizon kaska da jinkirin sa gishiri, babu majemin da ke iya gyara su, sai dai ya ɓoye da fenti, darajar fata kuma ta faɗi. Mun kuma ƙarfafa kakkaɓe gishiri kafin jiƙo, domin gishiri in ya narke babu tankin gyaran ruwa na yau da kullum da ke cire shi. Kan shara, an fara tattaunawa da masu son tsoka da kitsen da ake kankarewa, da masu haɗa allon fata daga ɓarɓashin aski. Magana ce kawai har yanzu.

Inda muka gaza

Mun yi alkawarin kammala nazarin tankin gyaran ruwa na haɗaka, ba mu kammala ba. Wani ɗakin gwaje-gwaje da muka ba samfurin ruwa ya riƙe sakamakon har ya daina amfani, dole muka sake ɗiba. Amma wani ɓangaren laifin namu ne, domin membobi da yawa ba su bari an auna ruwansu ba, suna tsoron kada bayanin ya fita. Ina tabbatar muku ba zai fita ba. Darasin Bangaladash na gabanmu: a 2017 aka tilasta wa majeman Hazaribag komawa Sabar, ga fili ga tankin haɗaka, amma tankin ya kasa ɗaukar abin da ake tura masa, ƙazantar ta koma wani kogin. Tankin da aka gina ba tare da sanin yawan ruwa da irinsa ba, asarar kuɗi ce.

Haka kuma ƙananan majema masu aiki da hannu ba su amfana da bitocinmu yadda ya kamata ba. Lokacin da muka sa bai dace da aikinsu ba, kayan da muka nuna kuma na masu durom ne. Wannan ya dame ni, domin su ne suka fi tsoma hannu a farar ƙasa ba safa. Bana za mu je inda suke, da darasin da ya dace da kwatarniya da tukunya.

Abin da kwamiti ke nema daga kowane memba kafin taro mai zuwa shi ne ya zagaya masana'antarsa da alli, tare da ma'aikacin da ya fi daɗewa, su bi kowace magudana daga durom har bakin katanga, su zana ta a takarda, su kawo ofis. Wanda ke buƙatar aron na'urar auna iska ya rubuta sunansa a wurin sakatariya, kuma kada a buɗe rami kafin ta iso.

Muna godiya ga membobin da suka ba da durom da fatunsu aka yi gwaji, har wasu suka yi asara ba su nemi diyya ba, da malaman jami'a da ɗalibansu da suka jure wari da zafi tare da mu. Allah ya saka da alheri, ya tsare ma'aikatanmu.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya, a madadin Kwamitin Gudanarwa