Auta, kar ki sake share ƙyallayen nan

Assalamu alaikum Auta,

Ya gida, ya jikin Mama? Ki ce mata na ji saƙonta, ina shan maganin kuma ina rufe kirjina. Sanyin Manchester ya fi na Jos a watan Disamba wlh, ga yayyafi kullum kamar an ɗaura masa aure da garin. Ki gaida Baba da su Yaya Babba da yara.

Kuɗin da na ce zan turo ƙarshen wata suna nan in sha Allah, amma kafin ki kwashe su ki tafi Kantin Kwari sarin atamfa kamar yadda kika ce, dan Allah ki karanta wannan har ƙarshe, kar ki min irin karatunki na tsallake.

Kin san ranar Asabar ina taimakawa a wani shagon sadaka a unguwarmu, mutane su kawo kayan da suka gaji da su mu ware mu sa farashi. Auta in kin ga kaya sai kin riƙe baki, wata rigar ko takardar farashinta ba a cire ba. Wanda bai samu shiga ba sai wasu kamfanoni su saya a kilo su ɗaure a dila, kuma irin dilolin nan ne ake fasawa a Katako muna rububin suwaita. Ni da na tashi ina ɓoye wa ƙawaye cewa rigata gwanjo ce, yau ga ni ina ganin 'yan matan Turawa suna alfahari da gwanjo, suna saye suna sayarwa a wata manhajar waya mai suna Vinted, wai suna ceton duniya daga shara. Kuma da gaskiyarsu fa, yawancin kayan arahan nan roba ce da ake samu daga man fetur, ba ta ruɓewa, kin dai ga yadda tsummokara ke toshe kwatar Dilimi da damina.

Abin da Inna take yi ne tun muna yara, zani ya tsufa ya koma majanyi, majanyi ya koma tsumman goge-goge, ba wanda ya ba ta lambar yabo.

To ga shawarata. Ƙyallayen da kike sharewa kullum a ƙarƙashin keke, da na telolin layinku da suke ƙonawa, ki bi su ki ce a tara miki a buhu, ko ɗan na goro ne ki ba yaran shago. Ki ware su kala-kala, atamfa daban shadda daban, ki haɗa jakar hannu, jakar kwamfuta, rigar filo, abin ɗaure gashi, har bargon jarirai mai auduga a ciki tunda garinmu garin sanyi ne. Na ga irin jakar nan ta haɗe-haɗen atamfa a wata kasuwar ƙarshen mako a nan, kuɗin da aka sa mata sai da na ajiye ta a hankali, kuma wlh ɗinkinki ya fi nata. Amma ki kula da cikin jaka da zif, nan ne telolinmu ke kasala. Ki fara da 'yan jami'a na wajen Naraguta da Bauchi Road, su ne masu yawo da kwamfuta.

Sai hayar kayan amare, wannan ita ta fi kwanta min a rai. Ki duba akwatina na ɗakin Mama, rigar kamu da ta dina da leshi biyu, sau ɗaya na sa su tun bikina suna can asu na neman ci. Na ba ki. Amarya nawa ce ke cin bashi don rigar awa huɗu? Ki karɓi kafin alƙalami, ki rubuta a littafi, ki ɗau hoton rigar kafin ta fita, kuma ba ruwanki da "ai 'yar Goggo ce", dangi su ne ke karya jari.

Gyara ma sana'a ce. Fam 15 aka caje ni a nan don rage tsawon wando ɗaya, na kusa kuka. A Faransa tun 2023 har rangwame ake wa wanda ya kai kaya gyara maimakon ya zubar. Ke ga Katako a kusa, ki zaɓo manyan riguna masu kyan yadi ki rage su, ki sa musu bakin atamfa. Farare da suka dafe kuma a kai marinar Ƙofar Mata a Kano, tun 1498 suke rini da baba da toka, in sun dawo ba mai cewa gwanjo ne.

Amma kar ki tsaya yi wa kwastoma wa'azin muhalli, matar Anguwan Rogo kyau da sauƙi take nema. Wa'azin ki bar min shi na nan.

Ki ɗinka min jaka goma na gwaji, wata 'yar Bukuru da muke aiki tare za ta zo gida bayan sallah sai ta taho min da su. Ki haɗo da yaji da kuka da daddawa, ki naɗe sosai kar su sa wa jakunkunan wari.

Taki,
Yayarki