Wasiƙar Babbar Sallah daga gindin dutsen Konsolino

Sitilo, jihar Kalabiriya, kudancin Italiya
Ranar Sallah, bayan isha'i

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Baba da Inna, bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibada, Ya karɓi layya, Ya maimaita mana da rai da lafiya. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Goggo, da Kawu, da Auta wadda na san ita za a miƙa wa waya ta karanta. Auta, ki bi a hankali, kada ki tsallake ko layi ɗaya, akwai maganar da nake so ta shiga kunnen Inna.

Na ga hoton ragon da Yaya ya turo, na gode wa Allah da kuɗin suka iso a kan kari. Mu nan tun da asuba muka gangara wani gari na bakin teku muka yi idi a fili, a kan tabarmin roba. Liman ɗan Maroko, sahu kuwa 'yan Senegal, Mali, Gambiya, Bangaladash da mu. A ƙasar nan ba a yanka dabbar layya a gida, doka ta ce sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, saboda haka nama muka saya muka soya a ɗaki. Ya yi daɗi, amma babu ƙaurin babbakar kai da ƙafa, babu yaran unguwa masu sallama suna neman barka da Sallah.

Inna, watan jiya da muka yi waya kun tambaye ni: "Ɗan nan, can inda kake ana ma ambaton sunan Allah kuwa?" Na ce ana yi, sai layi ya yanke. Tun ranar maganar take cina, don na ji nauyin da ke cikin muryarku. Yau zan ba ku amsar da kyau.

Garinmu Sitilo a manne yake da ƙirjin wani dutse da ake kira Konsolino, mai tsayin mita 701. In kun ɗora Dala a kan Goron Dutse ba su kama ƙafarsa ba. Gidajen na dutse ne, wani bisa wani kamar an jera ƙwarya, rufin wannan shi ne daidai da ƙofar na samansa. Lungunan ba sa ɗaukar mota, wasu ma matakala ce zalla. A tagogi za ku ga jan barkono an shirya shi a zare an rataye yana shan rana, don mutanen Kalabiriya ba su da wasa da yaji. Can ƙolin dutsen akwai kufan wata fadar yaƙi da Normawa, wasu mayaƙa 'yan asalin arewacin Faransa, suka gina a ƙarni na 11, daga ƙasa kuwa kwarin kogin Sitilaro ne, cike da zaitun da inabi har bakin teku. A waɗannan gonaki nake aiki. Yanzu lokacin share busasshiyar ciyawa ne saboda gobarar bazara.

Da la'asar, tunda ba ni da gidan da zan je yawon Sallah, sai na sa sabuwar shaddata na hau sama da gari, inda wani ɗan gini yake shi kaɗai a jikin dutse. Kattolika sunansa. Baba, na san za ku ce me ya kai ni coci ranar Sallah. A hannun hukuma take yanzu a matsayin kayan tarihi, tikiti ake yanka a shiga, kuma dalilin zuwana zai fito.

Ginin ya haura shekara dubu. Kiristocin da ke bin tsarin Girkawa ne suka yi shi, zamanin da wannan yanki ke ƙarƙashin Rumawan Gabas. Ƙarami ne ƙwarai, bai fi zauren gidanmu da yawa ba, kuma tsawonsa da faɗinsa kusan ɗaya. Da jan tubali ƙonanne aka gina shi, a kansa ƙubbobi 5, huɗu a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya ta ɗan fi su tsayi. Idan rana ta karkata sai jan nan ya ƙara kama wuta, ka rantse ginin ƙasa ne irin namu da aka yi wa sabon yaɓe. A ciki ginshiƙai 4 ne ke riƙe da rufin, kuma ba iri ɗaya ba ne, daga gine-ginen da suka girme shi aka kwaso su. Akwai ma wanda aka dasa a kan wani sassaƙaƙƙen kan ginshiƙi da aka kifa ƙasa. A bango akwai ragowar zane-zanensu na addini, sun koɗe.

Dattijon da nake wa aiki shi ya fara kawo ni nan bara. Ya kama hannuna ya kai ni gaban ɗaya daga ginshiƙan, ya haska fitilar waya a karkace, ya ce in duba ko zan iya karantawa. Da farko ƙarce-ƙarce kawai na gani. Sai idona ya kama lam'alif. Na bi shi da yatsa ba tare da na taɓa ba, harafi bayan harafi, kamar yadda Baba ya koya mini a allo: La ilaha illallahu wahdahu. Akwai kuma wani rubutun: Lillahil hamdu.

Inna, gwiwoyina sai da suka saki. Ni da na ratso Agadas, na ratso Sahara da Libiya da teku, ina ganin na zo ƙarshen duniya inda ba wanda ya san alƙibla, sai ga kalmar tauhidi a jikin dutse tana jirana tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. A shekarar 1997 aka gano rubutun. Masana sun kasu biyu: wasu na ganin Musulmi sun taɓa yin salla a ɗakin na wani lokaci, wasu na ganin da rubutunsa aka kawo ginshiƙin daga wani wuri. Ko ma wanne ne, hannun mutum ne ya riƙe ƙarfe ya sassaƙa, kuma Kiristocin garin ba su kankare ba. Yau ma da na koma na daɗe a tsaye a gabansa, na yi wa mai rubutun addu'a, na yi muku.

Ba zan ɓoye ba, tarihin nan ba na zumunci ba ne zalla. Musulmi sun shiga tsibirin Sisiliya a 827, suka ci birnin Falarmo a 831, mulkinsu bai ƙare a can ba sai 1091. A tsakanin nan jiragensu sun sha kai hari gaɓar Kalabiriya, an kashe, an kama bayi ta kowane ɓangare. Tsoron hari daga teku, da zazzaɓin cizon sauro na fadamun gaɓa, su suka kori mutane suka hau duwatsu, kamar yadda namu na da suka fake a Kwatarkwashi. A 982 sarkin Sisiliya Abul Ƙasim ya gwabza da sarkin Jamus Otto na biyu. Littattafai na kiran yaƙin da sunan Sitilo, ko da yake masana da yawa sun ce can arewa aka yi shi, kusa da Kurotone. Abul Ƙasim ya rasu a fagen fama, amma rundunarsa ce ta yi nasara, Otto kuwa da iyo ya tsira zuwa wani jirgin Girkawa.

Baba, ga wadda na tanadar muku. A cikin gari akwai tsohon wurin ɗiban ruwa mai siffar kifaye biyu sarƙe da juna, mutane na ce masa Jebbiya. Kalmar daga Larabci ta fito, jabiya, wato babban kwarmin tara ruwa. Ita ce jam'inta ya zo a Suratu Saba'i, inda ake lissafa abin da aljanu ke ƙera wa Annabi Sulaimanu: wa jifanin kal jawab. Tsofaffin garin na faɗarta kullum. Ranar da na gane haka sai da na ji kamar in kira ku a take.

Kusa da mu akwai ƙauyen Bibonji, a samansa kuma gidan ruhubanawa, wato masu zuhudun Kirista, wanda aka gina a ƙarni na 11 da sunan wani waliyyinsu, Yohanna Mai Girbi. A Falarmo aka haife shi zamanin Musulmi, mahaifiyarsa 'yar Kalabiriya ce da aka kama aka ƙetare da ita, shi kuma da ya tasa ya dawo ƙasar uwarsa. Suna ba da labari cewa wata rana hadari ya taso a kan manoma alkamarsu na tsaye, ya yi addu'a, kafin ruwa ya sauko aka tarar an girbe an ɗaure dami-dami. Labarinsu ne, amma duk wanda ya taɓa riƙe lauje yana kallon gabas ta yi baƙi ya san abin da ya sa suka riƙe shi. Wurin ya daɗe kango, sai a 1994 wasu ruhubanawa daga dutsen Atos na Girka suka dawo da zama, yanzu kuma 'yan Romaniya ne a ciki, masu baƙaƙen riguna da dogon gemu. Na gaishe su, sun amsa da fara'a, suka ba ni ruwa. A ƙauyen Fazzano kuma akwai kogon Monte Sitella, wurin ibadar Kirista, ana sauka matakala 62 zuwa cikin dutse, kowace 15 ga Agusta masu ziyara na hawa can da ƙafa.

Wurin da nake fata Inna ta gani shi ne Marmariko. Daga Bibonji ake shiga mota mai ƙarfi a bi hanyar daji, sannan a sauka a taka. Tun ba ka iso ba za ka ji ruri. Kogi ne ke faɗowa daga kan dutse, mita 114, hawa-hawa, babu kamarsa a tsayi a duk Kalabiriya. Feshinsa na jiƙa riga daga nesa, ruwan kuwa ko a tsakiyar bazara sai ya ƙame maka haƙori. Na yi alwala da shi na yi azahar a kan wani falalen dutse. Ina sallamewa na tuna Inna da tulu a layin rijiya cikin watan Afrilu, ga shi nan yana zuba dare da rana ba mai tara ko bokiti.

Akwai wata tsohuwa da muke katanga ɗaya. Ɗanta ɗaya yana Ostireliya, ɗaya yana Jamus. Haka garuruwan nan suke, samarinsu sun daɗe suna fita neman abinci, gidaje da yawa a kulle, makullan sun yi tsatsa. Kowace Lahadi takan zauna a bakin ƙofa da waya a cinya tana jiran kira. Ta san ba na cin alade, har tukunya daban ta ware mini. Yau da ta gan ni da shadda ta tambaya, na ce Sallarmu ce. Ba a jima ba sai ga ta da faranti cike da ɓauren fari, ta dafa kaina ta ce in kira mahaifiyata kafin in ci. Da na nuna mata hoton ginin can sama, sai ta shiga ta ɗauko fasfonta ta ɗaga wani shafi a haske: ashe hoton Kattolika na cikin fasfon Italiya.

Yaya, wannan taka ce. Na ji ƙanenmu na maganar biyo ni. Hotunan da nake turowa gaskiya ne, amma daga ƙofar Kattolika ana hango teku, kuma a wannan gaɓar, can arewa kusa da Kutro, jirgin baƙin haure ya tarwatse a Fabrairun 2023, aka tsamo gawa 94, da yara a ciki. Abin da na gani a Libiya ban taɓa faɗa wa Inna ba, ba kuma zan faɗa ba. Ka zaunar da shi. Kuɗin koyon walda ina kan tara masa, zuwa kakar zaitun insha Allahu za su cika.

Takardar zamana ana kan sabunta ta, a taya ni da addu'a. Ku sanar da ni ko ruwa ya zauna, ko an gama shukar gero a gonar fadama da ta tudu, da yadda ƙafar Baba take. Idan an sami mai tahowa a haɗo mini kuka da daddawa, amma kada a sa kilishi, ba a barin nama ya shigo. A raba wa yaran gida goron Sallarsu daga abin da ya saura, a kai wa Goggo cinya ɗaya da sunana.

Inna, ku yafe mini, ku ci gaba da sa mini albarka.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya