Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu ta Masu Karatu na Wannan Shekara

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Shugaba ya ce kada rahoton bana ya wuce shafi biyu. Zan yi bakin ƙoƙarina, sai dai akwai maganganun da na gaji da maimaitawa a zauren WhatsApp, gara su shiga takarda kowa ya gani.

Zaman wata-wata mun yi 9 cikin 12. Azumi ya ɗauke ɗaya, ruwan Agusta ya ɗauke ɗaya, na ukun ya faɗo makon rasuwar mahaifiyar Ma'aji. Allah ya jiƙanta.

Sai kuɗin wata. Mu 43 ne a rajista, mutum 14 ne suka biya na shekara cif. Akwai waɗanda rabona da ganin sisinsu tun kafin ƙaramar sallah, kuma su ne kan gaba wajen tambayar me ya sa ba a sayo sababbin littattafai ba. Na san halin da ake ciki, ni ma daga kasuwa ɗaya nake auno masara. Amma wanda ba shi da hali ya faɗa mini a asirce, kamar yadda mutum uku suka yi aka ɗauke musu. Abin da ya ishe ni shi ne in kira mutum ya ƙi ɗauka, da yamma in gan shi ya sa hoton shan kifi. Ni ba mai karɓar haraji ba ne, sakatare kuka naɗa ni.

Abin da ya wanke mana zuciya a bana shi ne zaman da muka yi bayan babbar sallah kan wariyar launin fata a littattafan da ke ba da labarin 'yan Afirka a ƙasashen waje. Kujera 30 muka haya, har sai da aka aro benci daga makarantar Islamiyyar maƙwabta.

Malamarmu ta Turanci ce ta buɗe da Second-Class Citizen na Buchi Emecheta, wanda ya fito a 1974. Ta tsaya a wurin da Adah, 'yar Najeriyar da labarin ke kanta, ke neman ɗakin haya a Landan, ko'ina an liƙa takarda cewa ba a ba baƙar fata. Sai Adah ta matse hancinta ta buga waya don muryarta ta yi kama da ta Baturiya, aka ce ɗaki na nan. Da suka je ita da mijinta, mai gidan ta gan su da ido, ɗaki ya zama an riga an bayar. Malama ta matse nata hancin ta gwada mana, ɗaki ya ɗauki dariya, can kuma kowa ya yi tsit. Ta ƙara da cewa Emecheta ba Turawa kaɗai ta ɗora wa laifi ba. Mijin Adah, ɗan ƙasarta, shi ne ya ƙona rubutun littafinta na farko. Nan maza suka fara gyara zama.

Ɗaya daga cikin ɗalibanmu na jami'a ya ɗauki Americanah na Chimamanda Ngozi Adichie, na 2013. Ifemelu, tauraruwar labarin, ba ta taɓa ɗaukar kanta a matsayin baƙar fata ba sai da ta sauka Amurka, inda har man miƙar da gashi ya ƙona mata fatar kai garin neman aiki. Saurayinta Obinze kuwa wanke ban-ɗaki ya yi a Landan, ya yi aiki da takardun wani, aka cafke shi ranar da zai ɗaura auren neman takarda aka taso ƙeyarsa gida. Ɗalibin ya yi ƙoƙari, sai dai ya ci minti 40 a maimakon 20. Badi zan zo da ƙararrawa.

Hajiya ta rufe da Minaret na Leila Aboulela, na 2005: Najwa 'yar manya a Khartum, juyin mulki ya ci mahaifinta, ta ƙare tana aikatau a gidan masu kuɗi a Landan, wasu samari suka watsa mata lemo a bas saboda hijabinta. Hajiya ta ce wannan ne ya fi kama da mu, domin wariyar ta haɗa fata da addini.

Daga nan ne zaman ya ƙwace daga hannun mai gabatarwa. Baba, wanda ya shafe shekaru yana ɗinki a Jidda, ya miƙe da sandarsa ya ce shi bai je Landan ba, amma ya san yadda ake furta kalmar Takari a ƙasar da muke fuskanta muna salla. Ya ce ya ga yara sun toshe hanci a layin burodi. Ya tambaya ina littafin da ya faɗi nasu labarin da Hausa. Wani ya ambaci Travellers na Helon Habila ɗan Kaltungo, na 2019, kan 'yan gudun hijira a Turai. Baba ya ce wannan ma ai da Turanci ne, kuma Turai ce.

Sunan Habila ya jawo wata muhawarar. A 2013 ya yi sharhi kan We Need New Names na NoViolet Bulawayo 'yar Zimbabuwe, yana ƙorafin cewa ana cusa duk wata masifar Afirka cikin labari ɗaya kamar don a burge masu karatu da alƙalan gasa na Turai. Wasunmu suka ce ai gaskiya ce, waɗannan littattafai a Landan da New York ake buga su, tonon asirin gida ne don a sami kasuwa. Ni dai ban bi wannan ra'ayin gaba ɗaya ba. Wanda ya karanta Americanah zai ga Baturen ya sha suka, ɗan Legas mai dawowa da lanƙwasa harshe ma ya sha tasa.

Wata 'yar uwa da ba ta cika magana ba ce ta sa aka yi shiru na biyu. Ta ce muna tausaya wa Adah, alhali a unguwarsu an hana wani ma'aikaci haya don ba Bahaushe ba ne, kuma har yau ana fasa aure idan bincike ya nuna kakan yaro bawa ne ko mahauci ko wanzami. Ba wanda ya musa. Ladan ne ya tashe mu, ba don haka ba da mun kai isha.

Ku lura, masu maganar da ta yi nauyi ranar duk cikin waɗanda suka karanta littattafan ne, ko Baba da aka karanta masa a gida. Masu zuwa shan lemo sun sha sun tafi.

Maganar Baba ce ta haifar da ƙudurin tattara labaran 'yan ci-ranin da suka dawo daga Saudiyya da Libiya da Sudan mu buga ɗan littafi. Na ji ana cewa aikin ya mutu a hannuna. Bai mutu ba. An naɗi hira 7 a waya, an kwafe 3 a rubuce, ni kaɗai, da daddare. Mutum biyar ne suka ɗaga hannu za su taya kwafewa, ba wanda ya karɓi murya ko ɗaya. Mai buga littafin da muka ba kafin alƙalami ya dawo ya ce takarda ta tashi sai an ƙara, asusu kuwa kun ji halin da yake ciki. Rasit na hannun Ma'aji ga mai son gani.

Fassarar babin neman ɗakin nan zuwa Hausa ma an gama, amma ba za mu raba ba sai da izinin masu haƙƙin littafin. Mun rubuta sau biyu, shiru.

Littattafai 11 na akwatin ƙungiya suna hannun mutane, ciki har da kwafinmu ɗaya tilo na Minaret. Na san wanda yake wurinsa, shi ma ya san na sani. A kawo su zaman Asabar ta farkon wata, tare da bashin kuɗin wata. A zaman ne kuma za a zaɓi sabon sakatare, kuma don Allah kada wani ya ambaci sunana.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya